Kwali Na Arba'in Da Ɗaya

Ranar da ɗana Leszek ya dawo da babban labarinsa, ina durƙushe a kicin ina ɗaure kwali da igiya. Ya shigo ko takalmin aiki bai tuɓe ba, fuska sai sheƙi take, ya ce, "Mama, yau ɗanki ya yi jawabi gaban mutum ɗari huɗu."

Na ce, "Madalla. Sa min yatsa nan in ƙulle."

Ya sa, na ƙulle. Ya ce, "Mama, ba ki ji ba ne? Har tafi suka yi. Clarrie Noonan, sakataren ƙungiyarmu ta 'yan dakon tashar jiragen ruwa, shi da kansa sai da ya share ido."

"Zufa ce. Me ka ce musu?"

"Labarin Yaya Mirek na ba su."

Nan na saki igiyar na zauna daɓas. Mirek shi ne ɗana na fari. Lokacin da muka taso daga Poland zuwa nan Port Adelaide ni da marigayi maigidana, shekara goma sha bakwai ke nan, Leszek yana da shekara takwas, Mirek kuwa ya riga ya kama aikin walda a wurin ƙera jiragen ruwa na Szczecin, ya ce shi ba inda za shi. Taurin kai, gadon ubansa. To, saura kwana goma sha biyu Kirsimeti sojoji suka fito da tankoki kan titi, suka yanke waya, suka haramta ƙungiyar ƙwadago, suka bi mutanenta gida-gida suna kwashewa. Mirek ba wani babba ba ne a ƙungiyar, amma baki gare shi, sai aka haɗa da shi. Wata mata da ta samu ta fito ta Vienna ita ta aiko mana da takarda: yana tsare, ba a san ranar fitowa ba, matarsa Bogusia kuma tana nan ita kaɗai da tsohon ciki, haihuwa farkon watan Maris. Shekara tara da aure, wannan ne cikin farko da ya zauna. A kantuna kuwa, in ji matar, ban da kwalaben binega, ruwan tsamin nan na girki, ba abin da ke kan kanta.

Kwalin da nake ɗaurewa na Bogusia ne. Madarar gari, nafkin dozin uku, sabulu, fil, man shafawa, mayafin da na saƙa da hannuna, da gahawa fakiti biyu, don a can gahawa tana buɗe ƙofar da makulli ba ya buɗewa. Ba ni kaɗai ba ce, matan zumunta na cocinmu kowa da nata a can, mun haɗa kwali arba'in da ɗaya. Gidan waya sun ce ba a karɓar kaya zuwa can tukuna, jirgin sama ba ya sauka. Sai Allah ya jefo mana Mewa, jirgin ruwa na ƙasarmu da ya zo Port Adelaide lodin gashin tumaki. Kyaftin ɗin ya ce zai kai mana kyauta ya danƙa wa coci. Tafiyar mako shida ce. Na ƙirga da yatsuna: in ya tashi Juma'a, kwalin zai riga jaririn isa. In ya wuce mu, sai dai Bogusia ta naɗe min jika a jarida, a cikin wannan sanyin.

Leszek ya ci gaba. "Ina gamawa aka ɗaga hannu, ko mutum ɗaya bai ƙi ba. Mun saka wa jirgin sojojin nan takunkumi. Ba ɗan dakon da zai taɓa kayansa, ko allura ba za ta hau ba. Haka zai koma fanko, janar ɗin da ke mulkinsu ya ji a jikinsa."

Na ce, "Wane jirgi?"

"Guda nawa ne nasu a tashar, Mama? Mewa mana."

"Yesu, Maryamu da Yusufu! Leszek, wannan kwalin da ka sa wa yatsa, a kan me kake tsammanin zai tafi? Bayan tantabara?"

Ya dubi kwalin, ya dubi yatsansa. "Ai ban san a nan za ki saka ba."

"Lahadi uku Fada yana sanarwa. Da kana zuwa coci da ka ji."

Washegari na saka rigar coci na tafi ofishin ƙungiyarsu da kwano cike da pierogi masu zafi, ƙullin fulawar nan namu da ake cusa wa dankali da cuku. Clarrie Noonan shi ne sakatare, ƙato mai jan wuya, shekara talatin yana dako kafin su ɗora shi kan kujera, kuma daga kukan da kujerar take yi ka san ba a yi shawara da ita ba.

"Mamar Les!" in ji shi. "Shigo, shigo. Kin haifi ɗa, wallahi. Jiya yaron nan ya sa ƙatti kuka kamar an yanka albasa."

Na ajiye masa kwanon, ya fara ci, na fara bayani. Yana tauna yana gyaɗa kai. Da na gama ya lashe yatsa ya ce, "Mama, abin da taro ya ƙulla, taro ne kaɗai ke kwancewa."

"To kira taron."

"Taro na gaba sai Talata ta sama."

"Jirgin Juma'a zai tashi."

"Shi ya sa abin yake min ciwo," ya ce, ya ƙara ɗaukar ɗaya.

Na ce, "Clarrie, don wa kuka saka takunkumin nan?"

"Don 'yan'uwanmu ma'aikata da aka kulle."

"Kwalin nan na wa ne?"

"Na matar ɗan'uwanmu ma'aikaci da aka kulle."

"To?"

"To, Mama, ƙa'ida ke nan. In na buɗe ƙofa yau don kwalinki, gobe mai gashin tumaki zai zo ya ce shi ma tumakinsa 'yan ƙungiya ne. Takunkumi kamar kwale-kwale yake, ƙaramin huji ya ishe shi."

Sha huɗu na kawo, sha huɗun ya cinye, kuma a bayan kowace ɗaya sai ya ce min a'a cikin ladabi. Na ɗauki kwanona na fito.

Ran Laraba aka tara mu a zauren 'yan ƙasarmu, wai gwamnati ta turo mutum daga Canberra, babban birni, ya faɗa mana matakan da aka ɗauka. Mista Whitlock sunansa, dogo siriri, sanye da kwat da taye a zafin da kaza ke buɗe baki. Na zauna a layin gaba kusa da aminiyata Lodzia, shugabar zumuntarmu. Shekara ashirin tana dafa shayi a gidan saukar matuƙan jirgi da ke cikin tasha, kuma bakinta bai san linzami ba.

Mista Whitlock ya buɗe takarda ya ce, "Tun makon farko gwamnati ta bayyana damuwarta."

Lodzia ta ce, "Ni ma na bayyana tawa, a kicin."

Ya gyara tabarau. "A mako na biyu ta bayyana damuwa ƙwarai. Yanzu haka muna tuntuɓar ƙasashe ƙawayenmu, a ga ko lokaci ya yi da za a yi Allah wadai."

"Sai an nemi izini kafin a ce Allah wadai? Ka zo gidana da safe ka ɗiba kyauta."

Aka yi dariya, shi ma sai da gefen bakinsa ya motsa. Ya ce ai ba magana kaɗai ba ce, an kira jakadan Poland, an bar shi yana jira minti ashirin kafin a gan shi, kuma a harkarsu wannan ba ƙaramin mari ba ne.

Na ce, "A tsaye ko a zaune?"

"A zaune, uwargida."

"Da fanka?"

"Ina jin akwai."

"To ai hutu kuka ba shi, ɗana."

Da aka tashi na tare shi a bakin ƙofa na ba shi labarin kwalayenmu. Ba zan yi masa ƙarya ba, ya saurara, har ya tambaye ni yaushe haihuwar. Sannan ya rage murya ya ce, "Uwargida, gwamnati tana goyon bayan kayan agaji ɗari bisa ɗari. Amma ba ta shiga tsakanin 'yan dako da takunkuminsu. In na buɗe baki yau, gobe duk tashoshin ƙasar nan a rufe za su kwana. Ga shi kuma ƙaramin jakadansu ya rubuto ƙorafi a kan jirgin, an ce in je ran Juma'a da safe."

"Ka je ka yi me?"

"In gani, in rubuta."

Na ce Allah ya ba da ladan gani.

Lodzia ce ta je wa kyaftin. Ta dawo ta ce ya ce duk abin da ya hau kan jirginsa amanarsa ne, zai kai. Amma yaransa ba za su sauko su ɗauka ba, don in matuƙinsa ɗaya ya taɓa kwali a ƙasa, 'yan dako ba za su kwance masa igiya ba har Ista.

Ta ce, "Gienia, kin ji abin da na ji? Ya ce in ya hau. Ke ƙafafunki aron su kika yi?"

"Nawa ne, sai dai gwiwa."

"Gwiwar da ke durƙuson carbi biyar a jere ba za ta kasa tsani ba."

Ni ba na yin abu a ɓoye, don haka ran Alhamis da Leszek ya zauna cin abinci na faɗa masa. Ya ajiye cokali.

"Mama, kin san sunan da ake kiran wanda ya ɗauki kayan da aka saka wa takunkumi?"

"Na sani. Ni dai sunan da nake nema shi ne kaka."

"Ba wasa ba ne! Akwai mutum a tasharmu, kakansa ne ya karya yajin aiki, kakansa fa, tun kafin a haifi Clarrie. Har yau shi kaɗai yake cin abincinsa a bayan shago. Ni ne na kawo maganar takunkumin nan, sai a ga uwata a kan tsani?"

"Sai ka ce ba ka san ni ba. Manzo Bitrus ma ya ce bai san Yesu ba, kuma an gafarta masa."

Bai yi dariya ba. Ya jima yana juya miya, sannan ya ce, "Mama, ni fa ko fuskar Yaya ban riƙe sosai ba. Abin da na tuna, ranar da za mu taso ya ɗora ni a wuya har tashar jirgin ƙasa. Shekara goma sha bakwai ban taɓa yi masa komai ba. Wannan ne kaɗai."

Ni ban taɓa duban abin ta nan ba. Na ɗauka son jawabi ne. Na tashi na ƙara masa miya, ko da yake bai sha ta farkon ba. Na ce, "Ka yi naka, kuma ya yi kyau, Allah ya gani. Bar ni in yi nawa."

Juma'a jirgin zai tashi da sha biyun rana, lokacin da ruwa ya cika. Ƙarfe takwas muka isa, mu goma sha tara, ƙaramarmu shekararta hamsin da biyu. Mun lodo kwalaye a kekunan jarirai da baro biyu na lambun coci. Mai gadin ƙofa ya sha shayin Lodzia ya fi sau dubu, don haka ya ɗaga mana sanda ya juya yana duban sama kamar mai neman hadari.

Lodzia ta riga ta rubuta wa kowane kwali lamba bisa yadda aka kawo su, ta ce haka za a hau da su, ba son kai, kowane kwali da mai jiransa. Ni kuwa saboda mayafin da nake saƙawa na kawo nawa a ƙarshe. Arba'in da ɗaya. Na ce mata a kunne, "Lodzia, nawa fa na mai ciki ne." Ta ce, "Na bakwai na mai ciwon suga ne, na sha biyu na marayu uku. Bi layi, Gienia." Na bi, amma Allah ya san abin da na ce a zuciyata, kuma daga baya na kai shi wurin Fada na nemi gafara.

'Yan dako wajen su sittin suna zaune a inuwar shago suna karta, suna gadin takunkuminsu. Leszek yana can ƙarshe ya ja hula ya rufe fuska. Gefe guda Mista Whitlock yana tsaye da ɗan littafinsa. Tsanin jirgin kuwa, daga ƙasa in ka ɗaga kai sai hularka ta faɗi.

Muka ɗauki waƙar Uwa Maryamu, ni da Lodzia muka kama kwali na ɗaya, ita gaba ni baya. Karta ta tsaya cak. Sun san abin da ake yi wa ƙato in ya taɓa kayan takunkumi, amma ba wanda ya taɓa koya musu abin da ake yi wa kakar wani.

Muna saukowa Clarrie ya tare mu yana haki. "Mamar Les, me nake gani haka? Wannan aikin 'yan ƙungiya ne."

Na ce, "To ku yi."

"Ba dama, da takunkumi."

"To matsa."

"Ba ki da katin ƙungiya!"

"Ina da na baftisma."

Ya cire hula ya sosa kai ya mayar. Ya juya ya dubi mutanensa ya ce da ƙarfi, "Ni dai rana ta kashe min ido, ban ga kowa ba. Akwai wanda ya ga wani abu?" Suka ce su ma ranar ta dame su.

Sai dai makafin nan sun kasa yin shiru. Kafin kwali na uku suka fara.

"Lanƙwasa gwiwa, Mama, ba baya ba!"

"Kai, jama'a, dubi yadda ta riƙe shi, kamar mai rawa da miji!"

"Ke mai jar hula, manna shi a ƙirji! A ƙirji na ce!"

Lodzia ta juyo daga tsakiyar tsani ta ce, "Kai mai tumbi, tunda ka iya, me ka zauna kana ƙyanƙyasa a nan?" Ya ce, "Ƙa'ida nake ƙyanƙyasa, Hajiyar shayi." Ta ce Allah ya sa ta fashe masa.

Abin dariya ne, amma ni dariyar ta ƙare min da na dubi agogo. Goma da rabi, kwali goma sha ɗaya kacal muka hau da su. Rana ta buɗe, ƙarfen tsanin ba ya taɓuwa, waƙa ta mutu a bakinmu. Mata huɗu sun zauna a inuwa suna fifita da hula. Stefa, wadda ta fi mu jiki, ta sauko rabin tsani ta leƙa ruwa a ƙasa, jiri ya ɗebe ta, ta zauna a matakala ta rungume ƙarfe ta ce ita nan za ta jira Mala'ika. Ko yaro ya san ba za mu kai arba'in da ɗaya ba. Na dubi kwalina a ƙarƙashin sauran cikin baro.

Na sunkuya na ɗauki na sha biyu ni kaɗai, don ba sauran mai kama min. Taku uku na yi gwiwata ta ce ita ta gama. Kwalin ya suɓuce zai tafi ruwa, sai ga hannaye biyu sun cafe. Mista Whitlock ne, littafinsa a ƙasa.

Na ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗana. Na marayu ne. Tunda ka riƙe, hau da shi."

Ya dubi 'yan dako, ya dube ni zaune a ƙasa. Ya ce, "Uwargida, ni gani aka aiko ni."

"Daga sama an fi gani."

Wallahi ban zaci zai yi ba. Ya rungume kwalin kamar jariri ranar baftisma, taye na lilo a kafaɗa, ya kama hawa. Ya raɓa ta gefen Stefa da ƙyar yana ba ta haƙuri.

Ban taɓa ganin mutum sittin sun miƙe lokaci guda haka ba, ko a coci. Karta ta watse. Wuyan Clarrie, da ma ja ne, ya koma jawur kamar gauta.

"Ma'aikacin gwamnati!" ya yi ƙara. "Da taye! Yana dako a tashata! Kai, malam, sauke kayan nan!"

Na ce, "Ashe idon ya warke."

"Mama, wannan dabam! Ku iyayenmu ne. Amma in labari ya kai Canberra cewa akawu ya yi lodi a nan muna zaune muna kallo, gobe za su turo mana akawu ɗari su ce aikin ba wuya. Shekara tamanin muna tsare aikin nan! Malam, sauko na ce!"

Mista Whitlock ya tsaya a sama da Stefa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ba na iya juyawa. In na juya ni da kwalin da baiwar Allahn nan duk ruwa za mu."

"To kada ka ƙara taku ɗaya!"

"Ba na iya tsayawa kuma."

"Tsaya dai!"

Clarrie ya haye kan dilar gashin tumaki ya daka tsawa, "Taro! Taron gaggawa!"

Na ce, "Ba ka ce sai Talata ba?"

"Wancan na jinƙai ne, Mama. Wannan an taɓa mana aiki."

Sha ɗaya da minti biyar. Na ɗauka yanzu za a gama, ashe ban san su ba. Sai da aka ƙirga kawuna a tabbatar sun isa taro. Sai da aka zaɓi mai rubutu, aka nemo masa fensir. Wani tsoho mai haƙori ɗaya ya ɗaga hannu ya ce a ƙa'ida sai an karanta abin da aka tattauna a taron baya. Na yi kururuwa na ce, "Ruwa zai janye, ku 'yan banza!" Clarrie ya ce, "Mama, da girmamawa, wanda ba ɗan ƙungiya ba ba ya magana a taro." Daga sama muryar Mista Whitlock ta sauko siririya, "Don Allah a hanzarta." Aka ce shi ma ba shi da izinin magana.

Sannan Clarrie ya ce a al'adarsu wanda ya kawo maganar takunkumi shi ke fara buɗe baki in za a taɓa ta. Kowa ya juya ya dubi ƙarshen inuwa.

Leszek ya taso a hankali, ya cire hula. Bai dube ni ba. Na kama carbina a aljihu.

Ya ce, "'Yan'uwa, takunkumi na nan. Gashin tumaki ba zai hau ba, ko sili ɗaya, har sai sun buɗe gidajen yarinsu." Aka yi guɗa irin ta maza. Ya jira suka lafa. "Amma kwalayen nan ga su suna hawa a gaban idonmu, a hannun waɗanda ba su da kati. Ina kawo shawara 'yan ƙungiya su ƙwace aikinsu. Duk kwalin da zai hau jirgin nan, mu za mu hau da shi." Ya nuna baro. "Na ƙarshen na matar yayana ne. Shi ke nan."

Mai tumbin nan da Lodzia ta zaga ya ce ya mara baya. Aka ɗaga hannu. Hannaye sittin, har da na mai haƙori ɗaya.

Na ce to Alhamdu lillahi, saura ashirin da tara. Ashe da sauran rina a kaba. Clarrie ya ce shawara ta ce duk kwali, kuma sha ɗayan da ke sama ba 'yan ƙungiya suka hau da su ba, don haka sai an sauko da su an sake lodi.

Na ce, "Clarrie Noonan, ka haukace? Da gwiwoyinmu muka kai su!"

"Shi ya sa, Mama. Ba a bisa ƙa'ida suka hau ba."

Lodzia ta zauna a kan baro ta rufe fuska da hula, kafaɗunta na rawa, ban sani ba kuka take ko dariya.

Amma fa in ana maganar aiki, a ba su abinsu. Mutum biyu suka haura suka ɗauko Stefa cak kamar buhun gari tana yi musu addu'a. Wani ya karɓi kwalin daga hannun Mista Whitlock, ya sauko da shi har ƙasa, ya dangwara shi a kan siminti don kowa ya shaida, ya sake ɗauka. Hannayen bawan Allahn nan sun sandare a yadda suke, haka ya sauko yana rungume da iska. Ƙugiyar injin lodi ta yi ƙara ta sauko da raga ɗauke da sha ɗayanmu, aka jera su da sauran, masu nauyi a ƙasa, ta ɗaga. Abin da ya ci mana awa biyu da rabi da gwiwoyin mata goma sha tara, sau biyu ƙugiya ta yi lilo ta gama.

Na arba'in da ɗaya bai shiga raga ba. Leszek ya zare shi daga baro ya ɗora a wuya, ya hau tsanin da shi da ƙafarsa, ya miƙa wa kyaftin hannu da hannu. Ya jima a can sama suna magana. Da ya sauko idonsa ya yi ja, ya ce hayaƙin jirgi ne.

Saura minti goma sha biyu aka janye tsani. Mewa ya fita fanko, ba gashin tumaki ko ɗaya, sai kwalayenmu. 'Yan dako suka bi shi da ihu suna aika wa janar saƙonnin da ba zan maimaita ba, mu kuma muka bi shi da alamar gicciye.

Na tarar da Mista Whitlock zaune a kan dila, Lodzia tana ba shi shayi a baki don hannunsa bai dawo ba. Na ce, "To, ɗana, me za ka rubuta?"

Ya ce, "Zan rubuta cewa takunkumi na nan daram, kuma an yi lodi lafiya."

"Duka biyun?"

"Aikinmu ke nan, uwargida."

Wasiƙar Bogusia ba ta iso ba sai bayan Ista, an buɗe ta an manne, an buga mata hatimi, an shafe layi huɗu da baƙin tawada. Abin da suka bari ya ishe ni. Fadan unguwarsu ya aiko mata da kwalin ran ashirin da bakwai ga Fabrairu, an farke shi a hanya, gahawa fakiti ɗaya ta yi ƙafa, sauran komai na nan. Ɗaya fakitin ta kai wa ungozoma. Kwana biyar bayan nan ta haihu, mace, lafiyayya, mai ƙarar murya. A cikin mayafina aka fito da ita daga asibiti, ana zuba ƙanƙara. Ta ce nafkin ɗin har maƙwabta biyu suna ara, in na samu hali in ƙaro fil.

Na karanta a tsaye a bakin ƙofa, na sake karantawa a zaune, sannan na ɗaura ɗankwali na tafi tasha na sa aka kira min Leszek daga cikin wani jirgi, na ce masa ya zama baffa.

Mirek bai fito ba sai watan Yuli. Ya tarar da 'yarsa ta fara koyon zama.